Gawa ko Allon Kwamfuta? Tambayoyi da Amsoshi kan Koyon Ilimin Sassan Jiki ga Ɗaliban Likitanci

Na daɗe ina tsayawa tare da ɗaliban aji biyu da aji uku a ɗakin fiɗa. Tun bayan annobar korona tambayoyi iri ɗaya suke ta dawo mini, wasu daga ɗalibai, wasu daga iyayen da suka sayar da gona ko fili don ɗansu ya zama likita. Na tattara su a nan, na amsa gwargwadon abin da na gani da abin da na sani.

Me ake koya a wannan darasi, har ake ta ka-ce-na-ce a kan yadda za a koyar da shi?

Anatomi, wato ilimin sassan jikin ɗan Adam, ba darasi ɗaya ba ne. Akwai na abin da ido ke gani kai tsaye: ƙashi, tsoka, jijiyoyi da kayan ciki. Akwai na ƙananan halittun nama da ba a gani sai da madubin likita, wanda ɗalibai ke kira histoloji. Akwai na yadda ɗan tayi ke samuwa a mahaifa mako bayan mako. Sannan akwai na ƙwaƙwalwa da laka. A Najeriya karatun likita shekara 6 ne, kuma anatomi yana faɗowa ne a aji biyu da aji uku, tare da darasin yadda jiki ke aiki da na sinadaran jiki. Sai ɗalibi ya ci babbar jarrabawar waɗannan darussa kafin a bar shi ya shiga asibitin koyarwa ya tsaya a kan majinyaci.

Yawancin gardamar tana tasowa ne saboda ana haɗa rassan nan huɗu a yi musu kuɗin goro. Wanda ya ce intanet ta wadatar, histoloji yake nufi, kuma yana da gaskiya. Wanda ya ce ba ta wadatar ba, hamata da wuya da ƙugu yake nufi, shi ma yana da gaskiya.

Malam, manhajar da ke wayata tana nuna mini komai fes, ina juya zuciya yadda nake so. Me gawa za ta ƙara mini?

Wannan ce tambayar da na fi samu, kuma ita na fi son amsawa.

A Hausa kalma ɗaya muke da ita, jijiya. Wadda ke kai jini daga zuciya jijiya ce, wadda ke mayar da shi jijiya ce, wadda ke kai saƙo daga laka zuwa tsoka jijiya ce, har agarar da ke ɗaure tsoka da ƙashi mutane da yawa jijiya suke ce mata. A manhajarka an raba maka su da launi: ja, shuɗi, rawaya, fari. Ba ka taɓa ruɗewa, domin wani ya riga ya yi maka aikin rarrabewar. Ranar da ka ɗaga fata a hamatar gawa kuwa, abin da za ka tarar duk launinsa ɗaya ne, toka-toka mai ɗan ruwan ƙasa, a cakuɗe da kitse da tantani. A nan za ka gane cewa Bahaushe bai yi kuskure ba da ya ba su suna ɗaya, don ga ido kusan abu ɗaya ne.

Yatsa ke raba su. Ka ɗauki ɗaya tsakanin babban yatsa da manuni ka murza a hankali. Idan ka ji ta zagaye, mai rami a ciki, ka matsa ta dawo kamar siririn tiyo, ta kai jini ce. Idan ta lanƙwashe ta manne kamar ledar da aka zubar da ruwanta, ta mayar da jini ce. Idan ba rami, ta yi tauri kamar igiyar da aka tufka da zare da yawa, ta saƙo ce. Na sha ganin ɗalibi ya haddace rassan jijiyoyin hannu tun daga saiwoyinsu biyar a wuya har ƙarshen yatsu, ya zana su a allo ba kuskure, amma da aka miƙa masa hantsaki aka ce ya nuna guda ɗaya a jikin gawa sai ya tsaya cik. Bayan mako biyu yana taɓawa, sai ka ji ya ce wa abokinsa, “Wannan ai ba ta da rami.” Daga ranar ya fara zama likita.

Akwai kuma zurfi. Allo shimfiɗaɗɗe ne, ko da hoton yana juyawa. Ba ya gaya maka kaurin tsokar da allura za ta ratsa, ko nisan da ke tsakanin abin da kake son yankewa da abin da in ka yanke shi ka jawo wa mutum nakasa. Ga misalai daga aikin da ake yi kullum a asibitocinmu. Mai yi wa maƙoƙo tiyata yana aiki ne dab da wata siririyar jijiya da ke motsa maƙogwaro. In ya taɓa ta, muryar majinyaci ta dishe. Mai cire mahaifa dole ya san cewa bututun da ke kawo fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara yana bi ne ta ƙarƙashin jijiyar jinin mahaifa, kusan santimita 2 daga bakin mahaifar. In ya ɗaure su tare, ko ya yanke bututun, ana iya barin mace da lalatacciyar ƙoda ko yoyon fitsari. Mai sa roba a ƙirji don zuƙe ruwa ko iska yana bi ta saman haƙarƙari, saboda jijiyoyin suna kwance a ƙasan kowane haƙarƙari. Allurar ɗuwawu ma, wadda ake yi a kowane kemis, in aka saukar da ita ƙasa ko aka matso da ita tsakiya tana iya samun babbar jijiyar ƙafa, yaro ya tashi yana jan ƙafa. Duk waɗannan suna cikin littafi, suna cikin manhaja. Amma wanda ya sa yatsansa ya ji yadda abubuwan biyu suke manne da juna, hannunsa kan yi sanyi a wurin tun kafin ya tuna karatun.

Ai jikin mutum ɗaya ne. Wanda aka zana a kwamfuta ba shi ne na kowa ba?

Gwada wannan yanzu. Haɗa kan babban yatsanka da ƙaramin yatsa, ka ɗan lanƙwasa wuyan hannu. Yawancin mutane za su ga wata agara ta taso a tsakiyar wuyan hannun. Wasu ba su da ita sam, wasu a hannu ɗaya kawai suke da ita, kuma lafiyarsu ƙalau. Haka cikin jiki yake. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu ƙodarsa tana da jijiyar kai jini fiye da ɗaya. Afendis sau da yawa ɓoye yake a bayan babban hanji, wani kuma ya sauka cikin ƙugu. Jijiyar jinin matsarmama tana da hanyoyi iri-iri, shi ya sa likitocin fiɗa ke taka-tsantsan a wurin.

Manhaja mutum ɗaya take nuna maka, wanda aka gyara shi tsaf. Shahararren aikin da ɗakin karatun likitanci na ƙasar Amurka ya fitar a 1994, wanda ya buɗe ƙofar irin waɗannan hotuna, gawar namiji guda ce aka daskarar aka yayyanka milimita ɗaya-ɗaya, yanka sama da 1,800, aka ɗauki hoton kowanne. A 1995 aka ƙara ta mace. Aiki ne babba, amma mutum biyu ne. A ɗakin fiɗa mai teburi goma, in ka zagaya, ka ga mutum goma, kuma ba biyun da suka zo daidai.

Tarihi ma ya nuna haɗarin dogara da hoto ɗaya. Jalinus, babban likitan zamanin Rumawa, dabbobi ya fi feɗewa, birai da aladu, ya ɗora abin da ya gani a kan mutum. Fiye da shekara dubu ana karanta shi ana haddacewa. Ya ce muƙamuƙin ƙasa ƙashi biyu ne da suka haɗu a haɓa. Sai wajen shekara ta 1200 aka yi mummunar yunwa a Masar, Abdullaɗif al-Bagdadi ya je inda ƙasusuwan mamata suka taru kusa da Alƙahira, ya duba ƙoƙon kai fiye da 2,000, ya ce shi ƙashi ɗaya ya gani. Ibn Nafis, wanda ya rasu a 1288, ya musanta maganar Jalinus cewa akwai ƙananan kafofi a bangon da ya raba ɓangarori biyu na zuciya, ya ce ta huhu jinin ke bi. A 1543 Vesalius, malami a Padua ta Italiya, ya fitar da littafin da ya gyara kurakuran Jalinus masu yawa, don shi da hannunsa yake feɗe gawa a gaban ɗalibai, ba ya zama a kan kujera yana karantawa wani na yanka. Gani ya kori ji.

To ba abin da karatu ta intanet ya fi ɗakin fiɗa ke nan?

Akwai, kuma da yawa. Histoloji ya fi kyau a allo: maimakon ɗalibai su yi layi a kan madubi ɗaya da tsohon gilashin da launinsa ya koɗe, kowa yana buɗe hoto mai kyau, ya ƙara girmansa, malami ya nuna ƙwayar halitta guda kowa ya ga ita ɗin dai. Samuwar ɗan tayi motsi ce, naɗewa da juyawa, kamar yadda hanji ke fita cikin cibiya ya juya ya koma ciki. Hoto mai motsi na minti biyu yana bayyana abin da nakan yi awa guda ina kwatantawa da tawul da igiya. Ƙananan wurare irin cikin kunne da hanyoyin saƙo a cikin ƙwaƙwalwa ba sa fitowa da kyau a hannun ɗalibi mai koyo. Hotunan cikin jiki na CT da MRI kuwa dama a allo likita zai karanta su har ya yi ritaya, gara ya saba tun yanzu.

Sannan lacca da aka naɗa ana iya tsayar da ita, a mayar baya, a sake ji da tsakar dare. Ɗalibar da ke jin nauyin ɗaga hannu a aji mai mutum ɗari biyu tana iya maimaita wurin da bai shige ta ba sau biyar.

Gawa ma tana da nata naƙasun, kada a ɓoye. Fomalin, sinadarin da ake adana gawa da shi, yana busar da nama ya taurara shi, ya canza masa launi. Hanta mai rai laushi gare ta, huhu mai rai yana kumbura yana saɓewa, jini yana zuba ya rufe maka gani. Akwai hanyar adana gawa da Walter Thiel ya ƙirƙiro a Graz ta Ostiriya wadda ke barin jiki da laushi, amma tana da tsada. Wanda ya iya gawa bai iya tiyata ba tukuna.

Me bincike ya nuna? Ba ra'ayinka kawai muke so ba.

Wani nazari da aka buga a 2018, wanda ya tattara sakamakon bincike da dama, bai sami bambanci a makin jarrabawa na kusa ba tsakanin waɗanda suka feɗe gawa da hannunsu da waɗanda suka koya ta wasu hanyoyi, kamar kallon sassan da malamai suka riga suka feɗe, ko gumakan roba, ko kwamfuta. Akwai kuma makarantun da suka bar gawa gaba ɗaya. Makarantar likitanci ta Peninsula a Ingila, da aka buɗe a 2002, ta koyar da anatomi ba tare da fiɗa ba. Jami'ar Case Western Reserve a Amurka tana amfani da tabarau na HoloLens da ke tsayar da hoton jiki a gabanka kamar kana iya taɓa shi, kuma a 2020 ta aika wa ɗalibanta na ajin farko tabaran har gida.

Ina karɓar wannan duka, amma da lura biyu. Na farko, jarrabawar rubutu tana auna abin da ake iya rubutawa ne. Ba ta auna nutsuwar hannu, ko abin da zai rage a kan mutum bayan shekara biyar. Na biyu, makarantun da suka bar gawa ba gida suka tura ɗalibai da waya ba. Peninsula ta maye gurbinta da mutane masu rai da ɗalibai ke dubawa suna taɓawa, da hotunan asibiti, da ƙananan rukunoni a gaban malami. Sun bar gawa, ba su bar taɓa jiki ba. Wanda ya kafa hujja da su don ya mayar da komai Zoom bai faɗi labarin duka ba.

A makarantarmu mun fi talatin a kan gawa ɗaya. Wannan ma ai ba gani da ido ba ne.

Gaskiyarka, kuma wannan ya fi damuna fiye da gardamar intanet. Na koyar a ajin da mutum biyu ke riƙe da wuƙa, shida na leƙe, sauran suna tsaye a baya suna kallon ƙeyar 'yan uwansu, wasu sun jingina da bango suna karanta littafi. A takarda an rubuta cewa duk sun yi fiɗa. Na baya-bayan nan da bidiyo mai kyau aka nuna musu da sun fi ƙaruwa.

Maganin ba rufe ɗakin ba ne. A raba ajin rukuni-rukuni, kowane rukuni da ranarsa, wanda ya yi fiɗa yau ya koya wa na gobe abin da ya gano. A ajiye sassan da ƙwararru suka feɗe da kyau, su daɗe ana amfani da su. A ɗauke lacca a mayar da ita bidiyo, awannin da aka samu a ba ɗakin fiɗa. Akwai kuma hanyar da Gunther von Hagens ya ƙirƙiro a Heidelberg ta Jamus a 1977, inda ake cire ruwa da kitsen nama a cika gurbinsu da roba, sashen ya bushe, ba wari, ya shekara da shekaru ana riƙe shi a hannu. Teburin Anatomage, mai allo tsawon mutum da ke nuna sassan jiki, yana da amfani, sai dai kuɗinsa dubun-dubatar daloli ne kuma yana son wuta tsayayya. In makaranta za ta zaɓa tsakanin sayen sa guda ɗaya da ɗaukar ƙarin masu nuna wa ɗalibai a teburi, ni masu nunawar zan zaɓa. Hukumar MDCN mai kula da likitoci tana ƙayyade wa kowace makaranta yawan ɗaliban da za ta ɗauka. Duk inda aka zarce wannan adadi, ɗakin fiɗa ne wurin farko da abin ke bayyana.

Kai kuma, kada ka yarda ka zama ɗan bango. Ka zo da wuri, ko ka dawo bayan an watse ka roƙi ma'aikacin ɗakin ya ba ka minti ashirin. Mutanen nan sun fi yawancinmu sanin gawarwakin, ka girmama su.

Me korona ta koya muku?

An rufe makarantu a Najeriya a watan Maris na 2020, ga kuma yajin aikin ASUU da ya ɗauki wata tara a shekarar, aka sake yin na wata takwas a 2022. Inda aka gwada karatu daga gida, abin da ya fara bayyana ba na anatomi ba ne, na wuta da data ne. Ɗalibin da ke cikin birni yana kallon bidiyo, na ƙauye yana neman inda zai sami sabis don ya sauke takarda ɗaya. Muryar da aka naɗa aka tura ta WhatsApp ta fi lacca kai tsaye isa ga mutane.

Da aka dawo, na lura sunaye sun zauna a kan ɗalibai, wurare ne ba su zauna ba. Sun san jijiya kaza reshen kaza ce, amma in ka ce su sa yatsa inda za a ji bugunta a bayan idon sawu, sai lalube. Abin daɗin shi ne cikin 'yan makonni suka cike giɓin, har sun fi na da sauri, saboda sun shigo da karatun a kai.

Ɗana yana karatun likita a ƙasar waje, yaƙi ya sa sun koma yi ta intanet. Za a karɓi takardarsa a gida?

Alhaji, wannan magana ce ta kuɗi da shekarun yaro, don haka zan faɗa ba kwana-kwana. A 2022, bayan yaƙi ya ɓarke a Yukren, MDCN ta sanar cewa ba ta amince da karatun likita da aka yi ta intanet ba, ko a wace ƙasa aka yi shi. Tambayar ta sake tasowa bayan yaƙin Sudan na watan Afrilun 2023, wanda ya dawo da 'ya'yanmu da yawa gida suna tsakiyar karatu. Kafin ka sake biyan ko sisi, ka tuntuɓi hukumar kai tsaye, ka nemi amsa a rubuce kan makarantar da kuma shekarun da aka yi daga nesa. Ka bincika ko makarantar ta koma wani gari inda ake shiga aji da asibiti, ko kuma a nemi canjin makaranta ko da zai maimaita shekara. Duk dillalin da ya ce maka ana gama likita daga ɗaki, kuɗinka yake so.

Musulunci ya yarda a feɗe gawa? Zuciyata ba ta kwanta ba.

Rashin kwanciyar zuciyarki alama ce mai kyau, kada ki yi ƙoƙarin kashe ta. Hadisi ya zo cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye, kuma mu mutane ne masu gaggauta suturta mamaci. Malamai sun auna wannan da maslahar ceton rayuka. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka, a zamanta na 1987, ta halatta fiɗar gawa don binciken laifi, da gano cuta, da koyar da likitanci, bisa sharuɗɗa: in an san mai gawar, sai da izininsa kafin ya rasu ko na magadansa; a tsaya iya larura; gawar mace mata su yi aikinta matuƙar akwai su; sannan a binne dukkan sassan bayan an gama. Ki kai wa malamin da kika amince da shi tambayar, ki gaya masa yadda abin yake a zahiri.

Sharaɗin izinin nan shi ne inda muke da rauni. Dokar anatomi ta Najeriya tun ta 1933 ce, kuma yawancin gawarwakin da ke ɗakunanmu waɗanda ba a zo nema ba ne, galibi maza, talakawa, ba wanda ya tambaye su. Ƙungiyar masana anatomi ta duniya ta ba da shawara a 2012 cewa a riƙa amfani da gawar wanda ya ba da kansa kawai. A Tailan ana kiran gawar “babban malami”, a jami'ar Tzu Chi ta Taiwan ɗalibai suna ziyartar iyalan mamacin su san ko wane ne, su kuma raka shi a ƙarshe. Mu ba mu kai nan ba, kuma al'adarmu ba ta saba da ba da jiki ba. A ganina wannan ita ce hujja mafi ƙarfi ta masu son allo: duk abin da za a iya koya ba tare da an taɓa bawan Allah ba, a koya a can, a rage yawan gawarwakin da ake buƙata, waɗanda aka yi amfani da su kuma a yi musu sutura ta mutunci.

Ina tsoron ranar farko. Kuma an ce warin yana da illa.

Kusan kowa yana tsoro. Wasu jiri ke ɗibarsu, wasu su kasa cin nama na 'yan kwanaki. Ka karya kumallo kafin ka shiga, in ka ji jiri ka fita ka zauna, ba abin kunya ba ne. Abin da ya fi girgiza ɗalibai ba ciki ba ne, hannu ne da fuska. Na taɓa ganin ɗaliba tana aiki lafiya lau har ta kai tafin hannu, ta ga tafin ya yi kanta irin ta mai riƙe fartanya, sai ta ajiye wuƙa ta yi shiru. Na bar ta. Da ta dawo, ita ce ta riƙa tabbatar da an lulluɓe mamacin da kyau kullum kafin a tashi. Wannan darasin ba ya cikin manhaja, kuma shi ne za ta ɗauka zuwa gadon majinyacin da ba ya iya magana.

Warin kuwa na fomalin ne. Yana sa hawaye, da ƙaiƙayin hanci da maƙogwaro. Hukumar binciken sankara ta duniya ta sanya sinadarin cikin masu iya jawo sankara a 2004, haɗarin kuma ya fi shafar masu shaƙarsa shekara da shekaru, wato ma'aikatan ɗakin da malamai. Hakkin makaranta ne ta sa tagogi da na'urar zuƙe iska. Kai kuma safar hannu, farar riga da rufaffen takalmi. Mai asma da mai juna biyu su sanar da malami tun kafin a fara.

Zan iya ɗaukar hoto ko bidiyo don bita a gida?

A'a. Ko da niyyarka karatu ce, hoton da ya shiga waya ya fita daga hannunka, kuma mutumin da ke kwance ɗan wani ne. Ka zana da hannunka, zanen ma ya fi zama a kai.

Yaya zan haɗa biyun in ci jarrabawa, ga data da tsada?

Ka tuna yadda jarrabawar aiki take: teburi a jere, an soka fil a wani abu ko an ɗaura masa zare, kana da kamar minti ɗaya ka rubuta sunansa da aikinsa, ƙararrawa ta kaɗa ka matsa gaba. Ba launi, ba juyawa, wani lokaci ma an kifa sashen. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Daren da za a shiga ɗakin fiɗa, ka kalli wurin da za a buɗe a manhaja ko bidiyo, minti ashirin ya isa, ka rubuta abubuwa biyar da kake son ganowa da hannunka. A ɗakin ka nemo su, ka zagaya sauran teburan ka ga yadda suke a wasu. Da yamma ka zana daga ka, sannan ka buɗe manhajar ka ga inda ka kauce. Don tsimin data, ku haɗu ku biyar, kowa ya sauke bidiyon yanki ɗaya inda akwai intanet na makaranta, ku tura wa juna.

Kada ka manta jikinka ma littafi ne. Ƙirga haƙarƙarinka, nemo bugun jini a wuya da wuyan hannu da bayan idon sawu, ka sa abokinka ya lanƙwasa gwiwar hannu ka bi tsokar har inda ta kama ƙashi. Ƙasusuwa 206 na babban mutum, da yawansu ana taɓa wani gefensu ta saman fata.

In Babbar Salla ta zo, ka tsaya kusa da mai fiɗar ragon layya, ka roƙi zuciya da huhu da ƙoda ɗaya kafin a kai wa mata. Zuciyar rago ɗaki huɗu gare ta kamar tamu. Ka sa yatsa ta babbar jijiyar da ke fita daga hagu, ka ji kaurin bangon hagu a kan na dama, ka tsaga ka ga fararen zaruruwan da ke riƙe da marufan ƙofofin. Ka zuba ruwa ta cikin babbar jijiyar daga sama, ka ga yadda 'yan aljihuna uku suke cika su rufe hanya. Ƙodar kuma ka raba ta biyu a tsaye, ka bi inda fitsari ke taruwa har bakin bututunsa.